Shekara Tara a Gindin Darbejiya

A bayan gidan bulon mahaifinmu, can wajen Kano ta hanyar Madobi, akwai wata darbejiya da muka daɗe da daina zama a inuwarta, domin wata ƙaramar katafila ta riga mu. Tun daminar 2014 take nan. Tayoyinta huɗu sun sace sun nutse cikin ƙasa, farin fentinta ya koma ruwan toka, kaji sun mai da bokitinta akurki, yaran unguwa kuma sun cinye kujerar da wasa har ƙarfe ya fito. Idan baƙo ya tambaya, amsa ɗaya ce a bakin kowa a gidanmu: injin ne ya buga. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ga bugun da idonsa ba, ni ma kuwa ban taɓa tambaya ba.

Aikina jarida ne. A cikin waɗannan shekarun na rubuta rahotanni da dama a kan injinan da aka yasar: taraktocin noma da ke jibge a harabar sakatariyoyi ciyawa ta fito ta cikinsu, motocin kwashe shara da aka ɗora a kan duwatsu, janaretocin da aka ƙaddamar da kiɗa aka manta da su kafin shekara ta zagayo. Ina da wata jimla da nake yawan rufe irin waɗannan rahotanni da ita, cewa mu mutane ne masu son saye, marasa son gyara. Editoci na son jimlar, masu karatu na yaɗa ta. Duk ranar Juma'a kuma in je gaida Alhaji in ajiye motata daf da katafilarsa, in wuce. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana.

Alhaji, Allah Ya jiƙansa, ya rasu a ƙarshen 2022. Ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, uku daga cikinsu ba su balaga ba. An raba gida da filaye da abin da ke banki ba tare da an ji kanmu ba, sai tarkacen gidan bulo ya rage ana ta jan ƙafa a kansa. A Disamban 2023 Yayanmu, wanda ɗawainiyar gidan ta koma wuyansa, ya tara mu a falon Hajiya ya ce ya yi magana da 'yan gwangwan. Za su zo da abin yankan ƙarfe, su sare katafilar gunduwa-gunduwa, su auna a kilo. Nauyinta ya ɗan haura tan biyu, saboda haka kuɗin ba na banza ba ne. Ba zan zalunci Yaya ba, gaskiya ya faɗa: dukiyar marayu ce take ruɓewa a rana, kuma duk daminar da ta wuce sai tsatsa ta ci rabonta kafin magada su ci nasu.

Na ce, "Yaya, a ba ni zuwa azumi."

Ya dube ni ya ce, "Kai da ko filogin babur ba ka taɓa canzawa ba?"

Aka yi dariya, har da ni. Amma muka rubuta yarjejeniya a gaban kawunmu. An ƙiyasta katafilar a kan farashin 'yan gwangwan. Zan kashe kuɗina in gyara. In ta tashi aka sayar, a fara mayar mini da abin da na kashe, sauran a raba bisa shari'a. In ba ta tashi ba zuwa ganin watan Ramadan, asarar tawa ce ni kaɗai, kuma duk abin da ya ragu daga tayin 'yan gwangwan ni zan cike. Matata ta ji labarin da daddare, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tambaye ni ko kuɗin hayar da muke tarawa yana cikin lissafin. Yana ciki.

Ya kamata in faɗi irin abin da nake magana a kai, domin kalmar katafila a bakinmu ta haɗe duk wani injin da ke tura ƙasa. Wannan ƙarama ce, faɗinta bai kai mita ɗaya da rabi ba, tana da bokiti a gaba da hannaye biyu da ke ɗaga shi. Turawa na kiran irinta sikid sitiya, wato mai juyawa da jan ƙafa, saboda tayoyinta ba sa karkata dama ko hagu kamar na mota. A tsaye suke cak. In direba yana son juyawa sai ya sa tayoyin gefe ɗaya su yi gaba, na ɗaya gefen su tsaya ko su yi baya, sai injin ya murza ƙasa ya juya a inda yake tsaye. Ba ta da sitiyari, sanduna biyu ne a hannu, da fedoji biyu a ƙafa na ɗaga bokiti da zubarwa.

Asalinta ma ba daga babban kamfani ba ne. A 1957 wani mai kiwon talotalo a jihar Minnesota ta Amurka, Eddie Velo, ya kai kukansa wurin wasu maƙera 'yan'uwan juna, Louis da Cyril Keller, a garin Rothsay. Yana son abin da zai kwashe kashin talotalo daga rumfunansa, mara nauyi, wanda zai iya kewaya ginshiƙai. Suka haɗa masa wani abu mai ƙafa uku. A 1958 kamfanin Melroe na garin Gwinner a Dakota ta Arewa ya karɓi aikin ya ɗauki maƙeran biyu, a 1960 aka fitar da mai ƙafa huɗu, a 1962 kuma aka laƙa mata sunan Bobcat, sunan wata kyanwar daji ta can. Kamfanin ya sauya hannu sau da yawa, tun 2007 yana hannun Doosan na Koriya ta Kudu. Tamu samfurin 743 ce, irin wadda aka fara ƙerawa a 1981, da injin Kubota na Japan mai silinda huɗu, ƙarfin doki 36, tana ɗaukar kusan kilo 600 a bokiti. Alhaji ya sayo ta tsohuwa ta Kwatano lokacin ina sakandare, domin tura yashin Challawa da tifofi ke zubewa da loda shi ga masu kwaɓa siminti. Aikin da majiya ƙarfi shida ke wuni suna yi da shebur, ita kafin azahar ta gama.

Abin da na fara yi shi ne abin da bai kamata ba. Na sayi sabon batir, na ɗaura, na hau na murɗa makulli. Sai wani ɗan ƙaras, shi ke nan. Na murɗa ya fi sau goma. Washegari na je neman tsohon bakaniken da yake yi wa Alhaji aiki tun ina yaro, na same shi a wata rumfa yana kwance injin ban-ruwa, gashinsa ya yi fari fat. Da na ba shi labarin batir ɗin sai ya ajiye sifanar hannunsa.

"Ɗan Alhaji, ka yi sadaka. Allah ne Ya taimake ka kik ɗin a ƙone yake."

Bayaninsa shi ne darasina na farko a kan injin gas. Irin wannan injin ba shi da filogin da ke ba da wuta. Fistin ne yake matse iska har ninki ashirin ko fiye, iskar ta yi zafin da in an fesa mata mai zai kama da kansa. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Injin da ya yi damina tara a waje ba a rufe bakin salansarsa ba, akwai yiwuwar ruwa ya bi ta nan ya sauka cikin silinda. Da kik ɗin yana da rai ya finciki injin da ƙarfi, da fistin ya daki ruwan ko tsatsar, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe. Da na buga injin da hannuna a ranar farko.

Ya zo da yaronsa bayan kwana biyu. Katafilar ba ta turuwa, domin tayoyinta a ɗaure suke da injinan mai, saboda haka gindin darbejiyar ya zama gareji. Na zaci injin zai fara buɗewa. Ko kallonsa bai yi ba. Ya sa yaron ya kwance matatar man haidirolik, ya yanka gwangwaninta, ya zaro takardar da ke ciki ya baje ta a rana kamar mai shanya kilishi, ya durƙusa yana dubawa da tabarau. Na tambaye shi abin da yake nema.

"Zinariya," ya ce. "In ka ga tana ƙyalli, ka kira 'yan gwangwan yau ɗin nan, kada ka ƙara kashe kobo."

Dalili shi ne wannan injin ba shi da giya irin ta mota. Injin gas ɗin famfuna yake juyawa. Famfo biyu ne na tafiya, ɗaya na dama ɗaya na hagu, kowanne yana tura mai da matsanancin ƙarfi zuwa wani ƙaramin injin da mai ke juyawa, shi kuma ya ja sarƙoƙin da ke juya tayoyin gefensa. Akwai famfo na uku da ke ɗaga hannaye da bokiti. Famfunan tafiyar nan su ne mafi tsada a jikinta, kuma a cikinsu akwai sassan tagulla da ke gogar ƙarfe. In sun fara cinyewa, garinsu yana taruwa a matata. Injin Kubota ana samun kayansa, ana ma samun wani tsohon a dasa. Famfunan kuwa in sun mutu, kuɗinsu zai iya haɗiye darajar katafilar dukanta. Tsohon yana bin gyara daga abin da zai iya kashe maganar gaba ɗaya, ya gangaro zuwa abin da kuɗi kaɗan ke magancewa. Ni kuwa a lokacin har na riga na tambayi farashin fenti da sabuwar kujera.

Takardar ba ta yi ƙyalli ba. Man ya yi fari-fari kamar an zuba masa nono, alamar ruwa ya shiga, amma ba garin ƙarfe.

Sannan aka koma kan injin. Ya ɗora doguwar sifana a kan babban notin da ke bakinsa, ya ja, ko gezau. Ya cire hitocin nan huɗu da ke ɗumama silinda kafin tayarwa, ya zuba gas haɗe da man giya ta ramukansu, ya toshe da tsumma, ya ce mu haɗu bayan kwana uku. Bayan kwana uku ya sake ja, ya sake zubawa, ya sake tafiya. Haka muka yi kwana goma sha ɗaya. Ni da nake rayuwa da agogon ɗakin labarai, inda abin da ya kwana ya zama tsohon zance, wannan jiran ya fi komai ci mini rai. Na ce masa ko mu ƙara tsawon sifanar da bututu mu haɗu mu uku mu danna. Ya ce in dai karyawa nake so, ba sai na biya shi ba. Ba ya danna sifanar gefe ɗaya, rausaya ta yake yi, gaba kaɗan, baya kaɗan, kamar mai lallashin haƙorin yaro. A rana ta goma sha ɗaya ta motsa kamar faɗin yatsa. Bai ce komai ba, ya dai nemi a kawo masa shayi.

Aka kafa ƙarafa uku aka rataya sarƙa, aka zaro injin ta baya aka ajiye a kan katako. Da aka ɗaga murfin samansa, silinda uku lafiya lau, ta huɗun ce ta sha ruwa, tsatsa ta yi mata zobe a inda fistin ya tsaya. Aka juya shi aka cire kwanon baƙin mai. Tsohon ya kwance sandunan fistin ɗaya bayan ɗaya, yana shafa wurin da suke juyawa da babban yatsa, yana ɗagawa yana kallo a haske. Injin da ya buga ba ya ɓoye kansa: za ka ga ƙarfe ya yi shuɗi don zafi, ko ya kwarzane, ko ya narke ya manne. Waɗannan sumul suke.

"Wannan injin bai taɓa bugawa ba," ya ce. "Wa ya ce muku ya buga?"

Babu wanda ya sani. Muka bi sawu daga baya. Kik ya ƙone, wannan mun gani, amma kik ba ya ƙonewa sai an yi ta murɗa shi injin yana ƙin tashi. Me ya hana shi tashi? Aka bi hanyar mai tun daga nozul, zuwa injekta, zuwa matata, har tanki. Akwai wani siririn tiyo da ke sauka cikin tankin ya zuƙo gas daga ƙasa. Da yaron ya zaro shi sai ga guntu, bai fi tsawon yatsa ba. Ragowar ya ruɓe ya yanke ya faɗa gindin tanki. Ma'ana, ranar da abin ya faru, gas ya sauka ƙasa da inda guntun ya tsaya, injin ya zuƙi iska ya mutu, alhali ga mai a tanki ana gani. Direban, wani saurayi da bai wuce shekara ashirin ba a lokacin, ya yi ta murɗa makulli har hayaƙi ya tashi daga kik, ya ji ƙauri, ya tsorata, ya je ya ce wa Alhaji injin ya buga. Ban riƙe shi a zuciya ba. Ni ma abin da na yi ke nan bayan shekara tara, ga digiri a hannuna.

Na riƙe guntun tiyon a tafin hannuna. Kuɗin sabonsa bai kai na farantin shinkafa biyu ba. Shi da gyaran kik da rabin wuni na aikin bakanike, iyakar abin da katafilar take nema ke nan a 2014. Duk sauran abin da na biya, wanda ya tasam ma albashina na wata huɗu, kuɗin zama ne: gogar silindar da ta yi tsatsa, sababbin ringi da gaskit, injektar da gas ya bushe a cikinta ya zama kamar ƙaro, tankin da ya yi baƙin kaɓo a ƙasa, lagireton da ya toshe, wayoyin da ɓeraye suka ci, tiyoyin da rana ta busar, tayoyi huɗu, da mai na kowane iri da aka zubar aka sake.

Na tambayi tsohon me ya sa Alhaji bai kira shi ba. Ya ce ya kira, sau ɗaya. Lokacin yana wani aikin hanya a nesa, ya ce in ya dawo zai zo. Da ya dawo ya yi waya, Alhaji ya ce, "Bari dai, Malam, zan neme ka." Bai sake nemansa a kan maganar ba, shi kuma kunya ta hana shi tunawa, kada a ce aiki yake roƙo.

Amsar ta fito daga wani wuri da ban nema ba. Ina binciken takardun katafilar a ɗakin Alhaji na ci karo da littattafan lissafinsa, irin dogayen nan masu bangon kwali. A na 2014, cikin watan Satumba, ya rubuta "gyaran katafila" da adadi mai yawa a gabansa, adadin mutumin da aka gaya wa cewa sabon inji zai saya. An ja layi an soke. A gefe da wani biro daban an rubuta sunana, da kalmar "makaranta". Shekarata ta ƙarshe ce a jami'a. Na ci gaba da buɗawa. A 2016 layin ya sake fitowa, aka sake sokewa, a gefe an rubuta "asibiti, Hajiya". A 2018 kuma auren ƙanwata. Daga nan bai ƙara rubuta shi ba.

Na daɗe a zaune a ɗakin. Jimlar nan tawa ta masu son saye marasa son gyara ta dawo mini, na ga ba ta hau kan wannan mutum ba ko kaɗan. Alhaji yana son gyara, har sau uku ya tara kuɗinsa. Matsalar ita ce gyara bashi ne da mai shi ba ya zuwa ƙofar gida ya yi sallama. Makaranta tana da ranar rufe rajista, asibiti yana da mai karɓar kuɗi a taga, aure yana da rana da dangi. Injin da ke gindin bishiya ba ya magana, kuma gobe ma yana nan inda aka bar shi, ga dukkan alamu yadda aka bar shi. Abin da ido ba ya gani shi ne bashin yana haihuwa kowace damina. Ga kuma kuskuren farko da ya ninka komai: an kira cutar da sunan da ba nata ba. Da aka ce "ya buga", sai abin ya tashi daga aikin rabin wuni ya koma aikin da sai an tara kuɗi, abin da sai an tara masa kuɗi kuwa kullum akwai wanda ya fi shi gaggawa. Da wani ya leƙa tankin nan da tocila, da zancen ya ƙare a makon.

Wannan bai wanke ma'aikatun da na rubuta a kansu ba. Alhaji tsakanin inji da 'ya'yansa ya zaɓa, da kuɗin aljihunsa. A can kuwa sayen sabo yana zuwa da kwangila da hoto da yanka ƙyalle, canza matata da baƙin mai ba ya zuwa da ko ɗaya, kuma kuɗinsa yana cikin kason gudanarwa na yau da kullum, wanda shi ake fara matsewa. Amma na gane cewa a duk rahotannin nan ban taɓa yin tambayar da ta fi kowacce sauƙi ba. Nakan ƙirga taraktoci, in nemi adadin kuɗin da aka saye su, in kira kakakin ma'aikata ya ƙi ɗauka. Ban taɓa ɗaukar bakanike na tafi da shi ya gaya mini me ya tsayar da kowacce ba. Ina jin da na yi, da kaso mai yawa na abin da na kira gawa ya zama guntun tiyo.

Sayen kaya ya zo a mummunan lokaci. A farkon Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Duk abin da aka shigo da shi daga waje farashinsa na safe daban, na yamma daban. Na koyi hanyoyin Kofar Ruwa da ƙafata, ina yawo da tsohon ringi a leda ina gwadawa. Abin da ba a samu a Kano ba aka yi waya Ladipo a Legas aka ɗoro a motar dare. Tiyoyin haidirolik a nan aka haɗa su, ka kai tsohon a auna a matse maka sabo. Injekta da nozul aka kai wa masu injin gwada su. Abin da ya cece mu shi ne tsufan katafilar: babu kwamfuta ko ɗaya a jikinta. Sababbin da ake ƙerawa yanzu kwamfuta ce ke sarrafa feshin mai, in sun tsaya sai an jona musu na'ura da manhajar kamfani kafin a san ciwonsu. A Amurka ma rigimar ta kai ga doka, jihar Colorado ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanonin injinan noma ba manoma damar gyara kayansu a 2023. Tsohon namu ya ce shi in aka kawo masa irin waɗannan, haƙuri yake bayarwa. Yaronsa kuwa, wanda ya iya karatu, a wayarsa ya samo mana littafin gyaran 743, yana karanta ma'aunin ɗaurin notuna, tsohon yana gyaɗa kai a inda ya yi daidai da abin da hannunsa ya sani.

Ranar tayarwa ta faɗo saura kwana goma sha biyu azumi. Kafin komai ya ce a ɗaga katafilar tayoyinta su bar ƙasa, domin tsohuwar irinta takan fara tafiya da kanta da zarar injin ya kama. Na ce ga bulo nan jibge. Ya ce a'a, gungumen itace za a nemo.

"Ba raina bulon Alhaji na yi ba. Itace in zai karye yana kuka tukuna. Bulo ba ya gargaɗi."

Ya sassauta notunan da ke kan nozul aka murɗa har kumfa ta ƙare gas ya fito tsantsa, ya ɗaure. Ya miƙa wa yaron wani faifan katako ya tsayar da shi a bakin da injin ke shaƙar iska, domin injin gas da injektarsa ta daɗe a kafe yakan kwace ya yi ta hawa ba ya jin makulli, kuma hanyar kashe shi ita ce a toshe masa numfashi. Ya ce in hau in kunna hita in ƙirga talatin. Na ƙirga, na murɗa. Ta yi tari, ta yi shiru. Karo na biyu farin hayaƙi ya fito. A na uku silinda ɗaya ta kama, sai ta biyu, katafilar ta girgiza kamar za ta sauko daga kan itacen, sannan duka huɗun suka haɗa baki. Hayaƙi ya turnuƙe darbejiyar, busassun ganye da gidan zanzaro suka yi ta fitowa daga salansa, kaji suka watse. Masu buga bulo suka bar aiki suka zagaye mu. Wani dattijo a cikinsu, wanda ya yi aiki da Alhaji tun farko, ya juya baya yana goge ido da hularsa.

Ban samu damar yin nawa kukan ba, domin ko minti biyar ba a yi ba wani tiyon da muka ce zai iya ƙara shekara ya tsage, mai ya fara tsartuwa. Na kai hannu zan laluba inda yake fita, tsohon ya doke hannun da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. Man da ke cikin waɗannan tiyoyi yana fita da ƙarfin da zai huda fata ya shige cikin nama, raunin kamar tsinin allura, amma yakan kai ga yanke yatsa. Da kwali ake neman yoyo. Haka kuma bai yarda kowa ya sa kai a ƙarƙashin hannayen bokiti ba sai an tokare su da ƙarfe, domin mai ne kawai ke riƙe da su a sama. Muka ƙara mako guda a kan irin waɗannan: tiyo biyu, robar silindar bokiti da ke zubar da mai, ruwan da aka tsiyaye daga akwatin sarƙa, da saita sandunan tuƙi, don tayoyin hagu sun ƙi tsayawa ko an saki sanda. Fenti dai ba a yi ba. Kuɗin ya ƙare.

Yaya ya zo ranar da aka sauke ta ƙasa. Ya tsaya hannu a baya yana kallon yaron bakaniken ya cika bokiti da yashi, ya juya a wuri ɗaya, ya zube. Ya ce, "To, Malam, ka fita kunya." Daga bakin Yaya wannan doguwar magana ce.

Na so a bar ta a gidan bulo, amma ba tawa ba ce, kuma yarjejeniya sayarwa ta ce. Faɗuwar nairar da ta cinye ni a kasuwar kayan gyara ita ce ta ɗaga darajarta, domin mai son irinta daga waje a lokacin sai ya biya ninkin abin da zai biya a shekarar da ta gabata. Bayan an mayar mini da kuɗina, abin da ya rage ya fi tayin 'yan gwangwan nesa ba kusa ba, ko da yake ba wanda ya sa wata ukun da na yi ina zirga-zirga a lissafi. Kuɗin haya ya koma inda aka ɗauko shi. Wanda ya saya mai gonar kaji ne a hanyar Zariya, yana son ta don kwashe kashin kaji daga rumfunansa. Na ba shi labarin mai talotalon Minnesota, ya saurara cikin ladabi, sannan ya tambaye ni lita nawa take sha a wuni.

Ranar uku ga azumi motarsa ta zo ɗauka. Yaron bakaniken ya hau da ita da baya, domin in bokiti ba kaya nauyinta yana baya ne, kuma ɓangaren da ya fi nauyi shi ke fuskantar tudu. Aka ɗaure ta da sarƙa. Direba ya tayar da mota, sai tsohon ya ɗaga masa hannu ya tsaya. Ya duba ƙasa ya tsinci gwangwanin madara, ya taka taya ya hau da ƙyar, ya kifa shi a bakin salansar, ya ɗaure da waya. Ya sauko yana haki ya ce wa mai gonar, "Alhaji, duk ranar da aka kashe ta a mayar da wannan. In ya ɓace a sa wani."